Waɗanda suka taɓa tsayawa da yatsa a kan kunamar bindiga, da waɗanda harbin ya shafa

Yayan Kurtu

Assalamu alaikum. Ƙanena ya gama horon ɗan sanda, an tura shi rukunin da ke fita da bindiga idan an yi kiran gaggawa. Ran nan ya yi mini tambayar da ta fi ƙarfina: yaya mutum yake gane cewa lokacin harbi ya yi? Na san a cikinmu akwai waɗanda suka saka kaki, akwai kuma waɗanda harsashin ɗan sanda ya shiga gidansu. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ban da na ji an ce. Kada a ambaci sunan mutum ko wurin aiki.

Tsohon Saje

Wa'alaikumussalam. Na taɓa harbin mutum ya mutu, kuma ban cika ba da labarin ba.

Cikin dare aka kira mu, 'yan fashi sun shiga wani gida. Muna isa sauran suka haura katanga, ɗaya ya rage, ya fito ya riƙo matar gidan a gabansa. Muka yi ta masa magana ya ajiye bindiga. Muddin matar na gabansa babu wanda zai harba, don da daddare, hannu na rawa, ba ka da tabbacin inda harsashi zai sauka. Can sai ya ture ta gefe, ya juyo da bakin bindigar kan abokin aikina da ke kusa da ƙofa. A nan na harba.

Ga abin da ban ji a wurin horo ba. Ban ji ƙarar bindigata ba sam. Idona bai ga komai a tsakar gidan ba sai hannunsa. Da aka tambaye ni harsashi nawa na saki, abin da na faɗa bai yi daidai da kwanson da aka tsinta ba, kuma wallahi ba ƙarya na yi ba, haka ƙwaƙwalwa take yi cikin firgici. An karɓi bindigata, na rubuta bayani, aka bincika, aka wanke ni. Wankewar ta takarda ce. Yaron da ƙyar ya wuce shekara ashirin, kuma na ga mahaifiyarsa da ta zo karɓar gawa.

Masu cewa ai da sai a harbe shi a ƙafa, ku yi haƙuri, ƙafar mai motsi wuyar samu gare ta. Idan ka kuskure, harsashin ya tafi neman wani. Idan ka samu, a cinya akwai babbar jijiyar da in ta tsinke mutum kan mutu cikin 'yan mintoci, kuma mai rauni a ƙafa yana iya jan kunama. Ka gaya wa ƙanenka, duk ranar da ya saita mutum, ya ɗauka rai zai iya fita.

Lauya Mai Bin Kadi

Yallaɓai Saje, abin da ka yi ya faɗa cikin iyakar da doka ta shata. Na tsaya wa jami'i a kotu, na kuma tsaya wa iyalan wanda aka harbe, tambayar kullum ɗaya ce: a daidai wannan daƙiƙar, ran wa ke cikin haɗari? Ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga da wani taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a birnin Havana a 1990 sun ce ba a yin harbin kisa da gangan sai babu wata mafita ta kare rai. Sun ce jami'i ya bayyana kansa, ya yi gargaɗi in hali ya bari, a gaggauta kai wanda aka harba ga magani, a kuma sanar da danginsa da wuri. Gudu kaɗai ba hujja ba ne. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke haka a 1985, a shari'ar wani yaro ɗan shekara 15 da aka harbe yana haura shinge ba makami a hannunsa. A Najeriya ma an sake rubuta Umarnin Rundunar 'Yan Sanda mai lamba 237 a 2019, bayan an daɗe ana sukar tsohon da cewa ya buɗe ƙofar harbin mai gudu.

Baban Marigayi

Barista, an rubuta, amma ni ban ga ko ɗaya ba. Ɗana yana tuƙi da magariba aka tsayar da shi a shingen bincike. An ce musu 'yan bindiga sun wuce da mota irin tasa. Ya sunkuya zai ɗauko takardun mota, sai aka harbe shi ta taga. Abokinsa da ke gefe ya ce bai mutu nan take ba, yana ta kiran sunan Allah, su kuma suna gardamar wa zai ɗauke shi. Babu wanda ya zo ya gaya mana. Mu muka bi asibitoci har muka same shi.

Ban ce kada a harbi ɗan bindiga ba. Da ɗana ne aka ɗora wa bindiga a ka, zan so a samu irin Saje a wurin. Amma wanda ya harbe shi bai ga bindiga ba, tsoro ya gani. Har yau ba a kira ni an ce ga abin da bincike ya nuna ba, wannan ya fi ci mini rai.

Tsohon Saje

Baba, Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri. Ba ni da abin da zan kare a nan. Wanda ya tsayar da mota shi ya kamata ya tsaya inda yake ganin hannuwa, ya ce a ɗora su kan sitiyari kafin ya nemi takarda. Barinsa yana zubar da jini kuwa babu uzurin da zai ɗauke shi.

Mai Oba-oba

Ni a ɗakin karɓar kira nake aiki, kuma maganar Baba ta taɓa ni, don sau da yawa harbin daga bakinmu yake farawa. In na ce mota fara ɗauke da 'yan bindiga, na cusa wa kowane jami'i a hanyar tsoron duk farar mota. Shi ya sa nake maimaita kalmar mai kira yadda ya faɗe ta, har da shakkarsa. A birnin Cleveland na Amurka a 2014, mai kira ya ce wataƙila bindigar ta wasa ce, mai ita kuma wataƙila yaro ne. Ba a isar da wannan ga jami'an ba. Suna isa, cikin kamar daƙiƙa biyu aka harbi Tamir Rice, ɗan shekara 12. Haka a Landan ran 22 ga Yulin 2005, kwana ɗaya bayan yunƙurin tayar da bama-bamai, 'yan sanda masu bin sawu suka ɗauki Jean Charles de Menezes, mai gyaran lantarki ɗan Brazil, a matsayin wanda ake nema, aka kashe shi cikin jirgin ƙasa a tashar Stockwell. Waɗanda suka harba sun shiga da labarin da aka ba su ne.

Malama Uwar Aji

A ba ni dama in faɗi ɗaya gefen. Na taɓa kwanciya a ƙasa da ɗalibaina muna jin harbi a harabar wurin aikinmu. Motar jami'ai ta iso, muna jin jiniyarta, amma suka tsaya a waje suna jiran umarni. Allah Ya tsare mu, maigadinmu ne bai tsira ba. Da na ji labarin harbin da aka yi a wata makaranta a Uvalde a jihar Texas a Mayun 2022, inda jami'ai kusan 400 suka taru amma aka yi minti 77 kafin a shiga ajin, yara 19 da malamai biyu suka rasu, sai da na kasa cin abinci. Ina tare da Baba ɗari bisa ɗari. Amma idan ana cikin kashe mutane, jinkiri ma yana cin rai.

Kofur Na Sintiri

Malama, nawa tsakanin naki da na Baba yake. Na taɓa samun ɗan bindiga a saiti sarai, yana gudu da makaminsa a hannu, bayansa kuma cunkoson mutane ne. Harsashin AK-47 yana fasa ƙofar mota da siririn bango ya wuce, don haka na sauke. Ya tsere. Daga baya na ji ya raunata wani kafin a kama shi. Wasu abokan aiki sun ce na yi daidai, wasu sun daina yarda in tsaya a bayansu. Da za a maimaita, ina jin haka zan sake yi, sai dai ban taɓa iya zuwa duba wanda aka raunata ɗin ba.

Matar Jami'i

Maigidana ya dawo daga irin wannan aikin ya daina barci. Ƙarar murfin ƙofa sai ya zabura. Babu wanda ya zaunar da shi ya ji damuwarsa, washegari aka mayar masa da bindiga. Yayan Kurtu, ku sa ido a kan ƙanenku, in ya fara yin shiru ku nema masa likita, kada ku jira ya nema da kansa.

Nas Ta Dare

Ana kawo mana su duka, jami'i da ɗan bindiga da mai wucewa, gado ɗaya muke ba su. Waɗanda na ga sun rayu da raunin hannu ko cinya, yawanci wani ne ya ɗaure saman raunin tamau ko ya danne shi da tsumma tun a wurin. Yallaɓai Saje, Kofur, a motocinku na sintiri akwai maɗaurin tsayar da jini kuwa, kuma an koya muku ɗaura shi?