An ce maigidana tarin fuka ne, ina jin tsoro saboda yara

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka min. Maigidana ya fi wata biyu yana tari, muna ta sayen magani a kemis, ga gumin dare har sai na sauya zanin gado, wandonsa ma ya daina zama a ƙugu. Ranar Litinin aka gwada kakinsa aka ce tarin fuka ne, ya fara shan magani. Ciki da falo gare mu, kuma tun shigowar hunturu tagar a rufe take, har tsumma na cusa a gefenta saboda ƙura. 'Yan biyuna shekararsu 3, katifa ɗaya muke kwana da su. Inna, wato mahaifiyarsa, ta ware masa kwano da cokali, ta ɗaura jan zare a hannun kofinsa ta ce kada wanda ya taɓa. Hakan ya isa? Hassana kwana biyun nan ba ta cin abinci sosai, hankalina a tashe yake.

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Inna ta yi ne don ƙauna, amma cutar nan ba ta kwano take bi ba, ba ta gaisawa ko tufafi ba. Ta iska take bi. In ya yi tari ko atishawa, ko magana ma, ƙwayoyin cutar na fitowa cikin ɗigon da ido ba ya gani, su yi ta yawo a ɗaki na sa'o'i idan iska ba ta ratsawa. Abin da ya fi damuna shi ne wata biyun da kuka yi a rufaffen ɗaki kafin ya fara magani. Cire tsumman nan yau, ki ɗage labule rana ta shigo.

Gobe ki ɗauki yaran ku koma inda yake karɓar magani, ke ma a duba ki. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya fi saurin kwantawa, kuma a jikinsa cutar na iya kaiwa ƙwaƙwalwa. Ba lallai ki ji yana tari ba, wani rama ce kawai da zazzaɓi da rashin kuzari. Ki faɗa musu batun Hassana tun daga farko. Tunda yaran ba za su iya kakaro majina ba, ana iya gwada bayan gidansu ko a ɗauki hoton ƙirji. In an tarar lafiyarsu ƙalau, akwai maganin kariya na wata 3 ko 6. A Najeriya gwajin kaki da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka.

Ɗan Fagge:
Ni na sha, na warke. Hajiya, a falo na riƙa kwana, taga a buɗe, in yara za su shigo in sa takunkumi. Likita ya ce bayan kamar mako biyu ana shan magani daidai, yaɗuwar na raguwa sosai. Fitsarinsa zai yi ja, rifamfisin ne, ɗaya daga cikin magungunan, kada ki firgita. Amma ki tsaya masa ya cika wata 6 ɗin nan ko da ya ji garau, don yankewa ke sa cutar ta daina jin magani. Ƙanena da muke kwana a shago tare bai je gwaji ba, ya ce lafiyarsa lau. Sai bayan shekara cutar ta tashi masa. Kuma wallahi kofin da aka ware min ya fi tarin ci min rai.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai. An yi wa yaran BCG, rigakafin tarin fuka, da haihuwa, duk suna da tabon a dantse. Bai kare su ba?

Ma'aikaciyar Jinya:
Yana rage masu tsananin, irin na ƙwaƙwalwa, amma ba ya hana kamuwa. Ki je da katin rigakafinsu. Inna ma ta bi ku, tunda kullum tana zaune kusa da shi.