Musayar baitoci a kan yaƙin Biyetnam

Malam Mai Alli:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙwar huɗu za mu yi, babban amsa-amo "wa". Wanda ya karya shi ya biya goro.

Da sunan Rabbana zan fara,
In ba ku labarin asara,
Ta Biyetnam, ƙasar da aka tsara
Raba ta biyu bayan Faransawa.

Dien Bien Phu, a 1954,
Faransa ta sha kashi ta gudu,
A Jiniba aka yanke Arewa da Kudu,
Ho Chi Minh shugaban Arewa, Diem na Kudu na Amurkawa.

Washinton ta ce gurguzu annoba,
In Kudu ta kamu, maƙwabta ba su tsira ba,
Sai ga masu ba da shawara, wai ba yaƙi ba,
Zamanin Kennedy 16,000, ana ƙaruwa.

Ɗiyar Damagaram:
Wa alaikumus salam Malam. Ka tsaya a 1963, bari in ɗauka daga Agustan 1964, lokacin Johnson ne shugaban Amurka, McNamara kuma sakataren tsaronsa.

A tekun Tonkin aka ce an kai musu hari,
Harin na biyu babu shi tun fari,
Johnson ya nemi izini da wuri,
An ba shi wuƙa da nama ba tsayawa.

Da Nang, 1965, sojojin Amurka suka sauka,
Su 3,500, gadin filin jirgi suka ɗauka,
Kafin shekara 4 ta cika,
Sun haura 500,000, ba batun komawa.

McNamara mutum ne na lissafi,
Yana auna nasara shafi-shafi,
Gawa nawa yau? Ta jiya ta fi?
Ko manomi ne, an dai ƙara gawa.

Baban Ummi:
Yaya, baitinki na ƙarshe ya hana ni yin shiru, don ya tuna min kisan da sojojin Amurka suka yi a ƙauyen My Lai.

My Lai, Maris 1968, da safe,
Tsofaffi da masu goyo aka tara a gefe,
Aka harbe su a magudana, sun faɗi a kife,
504 a lissafin Biyetnamawa.

An yi feshin guba don ganye ya zube,
Agent Orange, daji duka ya tuɓe,
Ta shige ƙasa da ruwa ta laɓe,
Wasu na fama da ita tun haihuwa.

Tsohon Soja:
'Ya'yana, ku yi adalci. Na ga kun ɗora komai a wuyan ɓangare ɗaya, alhali 'yan Arewa ma hannunsu da jini. Ku tuna harin Tet na 1968, wanda suka kai wa biranen Kudu a bikin sabuwar shekarar Biyetnam.

A Hue 'yan gurguzu sun yi kusan wata,
Malamai da ma'aikata suka farauta,
Da aka tona ƙasa bayan an ƙwace ta,
Kusan 2,800 a ramukan binnewa.

Da Saigon, babban birnin Kudu, ta faɗi, wa ya huta?
Sansanin gyaran hali, ba a san ranar fita,
Wasu sun shiga kwalekwale don su kuɓuta,
Da yawansu sun ƙare a cikin ruwa.

Ɗiyar Damagaram:
Gaskiyarka Baba, ban musa ko ɗaya ba, kuma abin da ya biyo bayan Afrilun 1975 abin kuka ne. Amma ni ma ina da tambaya.

Laos fa, Baba, mene ne laifi?
Tan miliyan 2 na bam, har ma ya fi,
Wasu na kwance a gona da bakin rafi,
Har yau fartanya na tono mutuwa.

A Washinton akwai bango baƙi,
Da sunan kowane sojansu da ya faɗi a yaƙi,
Sama da 58,000, abin baƙin ciki,
Na Biyetnam miliyan 3, wa ke karantawa?

Adadin nan na gwamnatin Hanoi ne, na 1995: farar hula kusan miliyan 2, mayaƙanta miliyan 1.1. Sojojin Kudu ma ba sa cikin wannan kaso na biyu.

Ɗan Zongo:
Manya, a yi min afuwa, sabon hannu ne. Ni na zo da na waɗanda suka ƙi yaƙin daga cikin Amurka: ɗan dambe Muhammad Ali da ɗaliban jami'ar Kent State.

Afrilun 1967 aka kira Ali,
Ya ƙi shiga soja, ya tsaya da hali,
Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi fili,
Shekara 3 da ɗori ba dambatawa.

Nixon ya shiga Kambodiya, sai ɗalibai
Suka fito a Kent State da alluna da bayanai,
Dakarun Ohio suka saki harsasai,
A 1970, 4 sun tafi ba dawowa.

Baban Ummi, wai an hukunta wani kuwa a kan My Lai?

Malam Mai Alli:
Sabon hannu ka ce? To karinka ya fi na wasunmu zama. Baban Ummi, ba shi amsa.

Baban Ummi:
To ƙanena, ga ta.

Kotun soja ta zauna ta duba,
Laftanar Calley kaɗai ne bai kuɓuta ba,
Ɗaurin rai da rai, amma bai daɗe ba,
Nixon ya sa baki, ba ɓoyewa.

Aka mai da shi ɗakinsa na bariki,
Ɗaurin talala, ba sarƙa a jiki,
Shekara 3 da rabi ya yi a ciki,
A 1974 aka yi masa sallamawa.