Shan mai, kuɗin riƙe mota da hayaƙi: abin da aka tattauna

Ga taƙaitaccen abin da 'yan'uwa suka faɗa a tattaunawar da aka yi kan yawan man da mota ke sha, kuɗin riƙe ta da hayaƙin da take fitarwa.

1. Kowa ya yarda cewa shan man da kamfanin ƙera mota ke rubutawa ba ya kai na kan titi, domin a ɗakin gwaji ake auna shi. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ka cika tanki fal, ka rubuta lambar mitar da ke ƙirga kilomita, ka yi zirga-zirgarka, ka sake cikawa. Litar da ta shiga, ita motar ta sha a wannan tazarar. Ni ma nan na fi gamsuwa.

2. Kowace litar fetur tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kusan 2.7. Motar fetur da ke shan lita 8 a kilomita 100 tana fitar da kusan giram 185 a kowace kilomita.

3. A kan dizal ra'ayi ya rabu. Masu doguwar tafiya sun ce ya fi auki. Wasu suka ce tsadar gyaran injinsa da baƙin hayaƙinsa sun cinye ribar.

4. Mota mai haɗa fetur da batir ta fi amfani a cunkoso, saboda taka birki yana cajin batirin.

5. Mai lantarki ba ta da salansa, amma tsaftarta ta danganta da inda wutar ta fito, kwal ne ko hasken rana.

6. Taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai. Wannan ba wanda ya musa.