Wadda ta taɓa shiga shirin ƙungiyoyin da ke koya wa mata baƙi cin abinci da aikin hannunsu, ta ba mu labari

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta iso nan Bronx, a birnin New York, wata bakwai ke nan, mijinta ya ɗauko ta daga Kumasi. Tun tana yarinya Allah ya ba ta hannu, in ta zana lalle ko ta zauna kan ɗinkin hula sai ka rantse inji ne ya yi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wata mata ta miƙa mata takardar wata ƙungiya, wai suna horar da mata baƙi wata huɗu kyauta, su nuna musu yadda za su mai da aikin hannu kasuwanci. Mijin yana ɗari-ɗari. Ni kuma shekarata tara ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ban san kan wannan harka ba. Zaman da take yi ita kaɗai a ɗaki daga ita sai jariri yana damuna ƙwarai. Don Allah wadda ta taɓa shiga irinsa, ko a wace ƙasa ce, ta faɗa mana abin da ta gani da idonta.

'Yar Zango

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ni na shiga, a nan garin. Ba ɗinki suka koya min ba, don malamar da kanta ta ce na fi ta iya riƙe allura. Abin da suka koya min shi ne sa kuɗi a kan aikina, kuma ban san ban iya ba sai ranar.

A mako na biyu aka ce kowa ta zo da abu ɗaya da ta yi. Na kai rigar matashin kai da na yi wa aska takwas, irin wadda ake yi a gaban babbar riga, na koya wajen kakana. Malama ta tambaye ni nawa nake sayarwa, na ce dala 25. Ta ce awa nawa ya ci. Ban taɓa ƙirgawa ba, aiki ne da nake yi bayan isha'i in yara sun kwanta. Muka lissafa tare, awa goma sha ɗaya. Sai ta tashi ta rubuta a allo: yadi, zare, kuɗin jirgin ƙasa zuwa sayen kaya, ta cire daga dala 25 ɗin, ta raba ragowar da goma sha ɗaya. Bai kai dala biyu a awa ba. Wallahi sai da na ji hawaye ya ciko min. Wata 'yar Bangaladash da ke gefena ta riƙe min hannu, ita ma nata lissafin haka ya fita.

Bayan nan suka bi da mu ta kan takardu. Wadda ba ta da lambar soshiyal, wato lambar da gwamnatin Amurka ke ba masu izinin aiki, suka taimaka mata ta nemi lambar biyan haraji da ake kira ITIN. Suka nuna mana yadda ake neman izinin karɓar harajin sayarwa daga jiha, domin a birnin New York harajin kashi 8.875 ne cikin ɗari, amma tufafin da bai kai dala 110 ba ba a karɓa a kansa. Hula tufafi ce, rigar matashi kuwa ba tufafi ba ce. Irin waɗannan ƙananan abubuwa wa zai zaunar da ke ya faɗa miki?

Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu ina zuwa aikin tsofaffi kwana uku a mako. Kasuwar tana da lokaci. Ƙarshen watan Mayu in an yi kasuwar DanceAfrica a Brooklyn, da watan Disamba, nan ake samu. Janairu da Fabrairu shiru kake ji. Amma matashin nan yanzu dala 90 nake sayar da shi kuma ana saye.

Hajjo Damagaram

Ni a Faransa nake, gefen Paris. Gidanmu a Zinder dukawa ne, cikin warin jima na girma. Da na zo nan shekara shida ina goge-goge a otal, ko sau ɗaya ban taɓa fata ba. Wata ƙungiya ce ta unguwarmu ta dawo da ni kan sana'ar gidanmu, kuma har in mutu ina yi musu addu'a. Su suka cika min takardun buɗe ƙaramin kamfani na mutum ɗaya, na samu lambar rajistar kamfanin da ake kira SIRET, suka koya min yadda ake bayyana wa URSSAF, hukumar karɓar kuɗin inshorar ma'aikata, abin da aka sayar. Kuɗin da na sayi keken ɗinkin fata rance ne daga Adie, masu ba da ƙaramin bashi ga waɗanda banki ba ya kulawa. Na biya na gama.

Inda muka saɓa ɗaya ne. Sun haɗa ni da wata mai zana kaya, ta ce ja da kore da ɗorawa da muke sawa a jaka sun yi yawa, Turawa ba za su riƙa ba, mu yi ruwan ƙasa zalla. Na bi ta, jakar ta yi kyau, ta sayu. Amma ranar baje koli na tsaya ina kallon tebur, babu abin da zai nuna ɗiyar dukawan Damagaram ce ta yi shi. Na kwana ina tunani. Washegari na ce mata zan yi ruwan ƙasar, amma dole a bar min koren nan a baki da tunkun fata irin na gida. Ta yarda, kuma ita ce jakar da aka fi nema wajena yau. Ki faɗa wa ƙanwarki ta saurare su a kan girman kaya da tsaftar ɗinki da abin da kasuwa ke so, sun fi mu sanin mutanensu. Zanen kuwa nata ne, kada ta saki.

Akwai wata ƙungiyar daban a Paris, La Fabrique Nomade, da Inès Mesmar ta kafa domin baƙi masu sana'ar hannu. Ba ita na shiga ba, amma na je shagonsu da ke Viaduc des Arts na ga aiki mai kyau. Waɗanda ke nan su leƙa.

Ummu Nana

Tunda kin ambaci lalle bari in yi sauri in sa baki. Ta yi nesa da baƙin lallen nan da ake haɗawa da rinin gashi. Akwai wani sinadari a ciki, PPD, yana ƙona fata har ya bar tabo, kuma hukuma a Amurka da Turai ba ta yarda a sa shi a fata ba. Na ga hannun wata amarya a nan Manchester ya kumbura ya yi ruwa kwana uku kafin ɗaurin aure. A gida haƙuri za a ba ki, a nan kotu za a kai ki. Jan lalle na ganye da lemon tsami ya ishe ta.

Sai kuma maganar takardun zama. Ni lokacin da na shiga ajin ɗinki ina jiran amsar neman mafaka ne, kuma a Ingila mai jira ba ta da izinin yin sana'ar kanta. Abin da ake ba mu a mako bai kai fam 50 ba. Na yi shekara biyu ina ɗinka jakunkuna ina ajiyewa a ƙarƙashin gado, ko ɗaya ban sayar ba. Duk da haka ajin nan na ranar Talata shi ya riƙe min hankalina, don nan ne kawai ake kirana da sunana a sha shayi da ni. Kowace ƙasa da dokarta, ta fara tambayar abin da takardarta ta halatta mata.

Abu Sadik

Ku gafarce ni, namiji ne a tsakiyarku, amma na fahimci fargabar surukinku don na yi irinta. Maiɗakina ta shiga wani shiri a nan Italiya, ta ƙaru sosai, yanzu ita ke yi wa matan garinmu ɗinkin sallah. Abu ɗaya ya ɓata mana rai. Ranar farko an ba ta takardu da Italiyanci ta sa hannu, ba ta san akwai izinin ɗaukar hoto a ciki ba. Bayan wata biyar wani abokina ya turo min hotonta a takardar neman taimako, an rubuta a ƙasa wai ta tsere wa wahala ta ƙetaro teku. Matar da na yi wa biza ta hau jirgi daga Kano! Ta yi kuka ba kaɗan ba, don hoton har gida ya kai. Mun je mun yi magana cikin mutunci, sun ba da haƙuri sun cire. Shawarata, Hajiya, ki raka ta ranar sa hannu, ko ku je da mai jin Turanci sosai. Kuma ku gayyaci mijin ya je ya ga wurin da idonsa, ni ganin ajin ne ya kwantar min da hankali.

Inna Gobir

Namu ba Turai ba ne, amma baƙunta ɗaya ce. Tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke shigowa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wata ƙungiya ta ɗauke ni in koya wa mata saƙar kaba. Da na je sai na tarar rabinsu sun fi ni iya faifai da tabarma. Aka yi wata uku, aka raba takardar shaida, aka ɗau hoto, furoje ya ƙare. Mata suka saƙa faifai tuli, amma wa zai saya a ƙauyen da kowace mace ta iya saƙa? Wata tsohuwa daga wajen Sabon Birni ta kama zanena ta ce, "Malama, hannu muna da shi, ki samo mana mai saye." Maganar nan ta tsaya min a rai. Da kaina na fara ɗaukar kayansu a mota zuwa Maraɗi ranar kasuwa, muka kafa adashe, kowace ta zuba dala ashirin, wato sefa ɗari, a mako don kuɗin mota da rini. Ba yawa ake samu ba, amma ana sayen sabulu da magani. Don haka tambayar da zan so ƙanwarki ta yi musu ita ce: bayan wata huɗun, a ina zan sayar, kuma wa zai tsaya min?

'Yar Zango

Inna ta faɗi gaskiya. A ajinmu mu goma sha huɗu ne, waɗanda na san suna sayarwa har yanzu mu biyar ne, kuma duk biyar ɗin mun haɗa kai muna kama tebur ɗaya mu raba kuɗinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maman Ilham, in kitso ma tana so ta haɗa da shi, ta sani a jihar nan sai da lasisi, karatun awa 300 ne.

Maman Ilham

Allah ya saka muku da alheri, na karanta mata duka a waya, wajen labarin Inna sai da ta yi shiru. Jiya na ɗauki hutun rabin yini muka je mu uku har da mijin. Na rubuta tambayoyinku a bayan ambulan na bi su ɗaya bayan ɗaya. Hoto sun ce akwai takardarsa daban, ba dole ba ne, ba mu sa hannu a kanta ba. Kasuwa sun ce suna kama wa ɗalibai tebur sau biyu a shekara, bayan haka kowa ta nemi nata. Ba su da mai riƙon yara, wannan ne ya so ya ɓata lamarin, sai maƙwabciyata 'yar Yamai ta ce a kawo mata jaririn Litinin da Laraba. Malamar ta ce ta zo da abu ɗaya da ta yi da hannunta, tun daren jiya ta fito da hular da ta fara a Kumasi ba ta ƙarasa ba. 'Yar Zango, na turo miki saƙo ta gefe, tana so ta san inda kike sayen zare.