Murmushin 'yan Tailan: har zuci ne ko iya fatar baki?

Alhaji Mai Duwatsu, Cantaburi: Assalamu alaikum. Zan faɗi wata magana, wanda ya ga ba haka ba ne ya fito ya ƙaryata ni. Murmushin nan da ake yabon 'yan Tailan da shi iya fatar baki ne. Baƙo a ƙasar nan ko furfura ya yi a cikinta, sunansa baƙo.

Hajiya Mai Sari, Bankok: Wa alaikumus salam. Haba Alhaji, ka yi musu kuɗin goro. Matar da nake sarin riguna a wurinta a kasuwar Pratunam, mai bin addinin Buda ce, amma da zazzaɓin dengi ya kwantar da ni, ita ta rufe shago ta kai ni asibiti. Kullum sai ta aiko yaronta da shinkafa da kaza daga wurin wata Musulma, don ta san ba na cin abin da aka soya da man alade. Wannan ma fatar baki ce?

Alhaji Mai Duwatsu: Hajiya, ai ke babbar mai saye ce, dole ta kula da ke. Bar batun mutum ɗaya, dubi doka. Baƙo ba ya mallakar fili. A benen haya da ake sayar da ɗakunansa, kason baƙi ba ya wuce kashi 49 cikin ɗari. Duk kwana 90 sai ka sanar da hukumar shige da fice inda kake kwana, ka makara tarar bat 2,000, bat shi ne kuɗin ƙasar. Mai gidan da ka sauka shi ma sai ya kai rahotonka. Ka je babbar fadar da ke Bankok, ɗan ƙasa ya wuce kyauta, kai ka biya bat 500. Gandun dajin Khao Yai ma, kuɗin shigarka ya ninka nasu sau da yawa. Aski ma an ware wa 'yan ƙasa, haka talla a bakin titi da yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora. Filin da muka gina gida da sunan maiɗakina yake, sai da na sa hannu a takarda cewa kuɗin nata ne, ba ni da haƙƙi a ciki. Duk da murmushi aka miƙo min biron.

Hajiya Mai Sari: Au, ashe ma 'yarsu suka ba ka! Mutanen da ba sa son baƙo ne suka ɗauki 'ya sukutum suka ba Bakano?

Alhaji Mai Duwatsu: Surukaina Musulmi ne, wannan daban.

Ɗalibi, Pattani: Baba Alhaji, da izininka. Ina ga an haɗa abu biyu, dokar gwamnati da halin talakawa. Rahoton kwana 90 har Bature da ɗan Japan yana kansu, ba don mu aka yi shi ba. Sannan Tailan ba ɗaya ba ce. Nan kudu, Pattani da Yala da Narathiwat, galibi Musulmi ne masu jin Malayanci. Kiran salla ke tashe ni da asuba, akwai makarantun kwana na addini da suke kira pondok, da azumi kuwa ban isa in sha ruwa ni kaɗai ba, sai maƙwabta sun ja ni. Matsalarmu a nan shingayen sojoji ne, saboda rikicin da ya sake ɓarkewa tun 2004, kuma wannan 'yan gari ya fi taɓawa.

Malamin Turanci, Khon Kaen: Ƙanena, kai Musulunci ya rufa maka asiri. Zo arewa maso gabas ka ga yadda abin yake. Ni ina bayan Alhaji a wuri ɗaya, batun fata. Wata makaranta ta ɗauke mu aiki tare da wani Bature wanda Turancin ma ba harshen uwarsa ba ne, albashinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma hotonsa aka liƙa a allon ƙofa don iyayen yara. Da shekara ta ƙare na tambayi shugabar ko za a sabunta min kwantiragi. Ta yi murmushi ta ce za a duba. Na koma, ta ce ana dubawa, har da ba ni ayaba a leda. Sai a bakin mai gadi na ji an ɗauki wani. Da ta ce min a'a tun farko, ai da na nemi wani wurin da wuri.

Hajiya Mai Sari: Allah ya musanya da mafi alheri, Malam. Fatar kam gaskiya ce, ƙasar da kowane kanti cike yake da man bilicin. Ni ma tasi ta sha wuce ni a titin Sukhumvit na Bankok da fitilarta a kunne. Amma rashin cewa a'a ɗin nan, mu ne za mu yi musu gori? Bahaushe fa zai ce maka "ba komai" alhali cikinsa na tafasa, ka je neman bashi ya ce "sai dai gobe in Allah ya kai mu", kuma ka san me ake nufi. Kawaici muke kiransa idan mu muka yi. Su a wurinsu babban abin kunya shi ne a tozarta mutum a gaban jama'a. Na ga wani ɗan uwanmu a Pratunam an haɗa masa dila da lambar da ba ita ya ce ba. Ya hau faɗa, yana buga tebur, yana nuna yarinyar shagon da yatsa. Ita kuwa sai murmushi take, kunnuwanta sun yi ja. Shi a ganinsa raini ne, ya ƙara hawa. An canja masa kayan. Washegari duk layin, shagon da ya shiga sai a ce kaya sun ƙare, ga su jibge a bayan mai shago.

Malamin Turanci: To ai kin ƙarfafa maganar Alhaji ke nan. Fuska na dariya, ciki na ƙulla maka.

Hajiya Mai Sari: A'a. Ya ci mata mutunci, ta ƙi ramawa a bainar jama'a. A gida tarbiyya muke ce wa wannan.

Alhaji Mai Duwatsu: To sumamen da aka yi ta yi a unguwar Nana ta Bankok a 2018 fa? Baƙar fata kawai ake tarewa a nemi fasfo.

Ɗalibi: An yi, Baba, kuma masu takardu da yawa sun sha wulaƙanci. Sai dai mu faɗi ɗaya gefen. Masu safarar ƙwaya da masu damfarar mata ta intanet da sunan soyayya, da koren fasfo aka kama wasunsu. Mai gidan haya da ya ga wannan a talabijin, in ka ce masa daga Najeriya kake, sai ɗakin ya zama an riga an kama.

Wani Sabon Shiga: Ni duk ba wannan ba, abin da ke ban mamaki yadda suke ɗaukar sarkinsu kamar...

Shugaban Zaure: Dakata nan, ɗan'uwa, na goge sauran. Sashe na 112 na dokar laifuffukansu, wanda ya hana ɓata sunan sarki, ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne a kan kowace magana guda, kuma rubutun waya ma ana kamawa da shi. Ba a wannan zauren ba. In ka iso, ka ji taken ƙasa ƙarfe 8 na safe ko 6 na yamma a tashar jirgi, ka tsaya cak kamar kowa. Kar ka dafa kan mutum, kar ka nuna abu da ƙafa.

Wani Sabon Shiga: Tuba nake, ranka ya daɗe. To yanzu in zo ko in fasa? Alhaji ya tsorata ni.

Alhaji Mai Duwatsu: Wa ya ce ka fasa? Ni maganata tana nan, ban janye ba. Amma ka zo, akwai nema. Ka shigo da biza ta gaskiya, kar ka bari ta ƙare a hannunka: bat 500 ce kowace rana har zuwa 20,000, in ka haura kwana 90 a hana ka shigowa. Abin gwangwani ko na leda, duba tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar kafin ka saya. Juma'a ka nemi masallacin Haruna a unguwar Bang Rak ta Bankok, za ka tarar da 'yan Mali da Gini masu harkar duwatsu masu daraja, su nuna maka hanyar Cantaburi. In ka iso ka kira ni, maiɗakina ta iya tuwon shinkafa.