Shawarwari kan karatun labaran ban tsoro na zane

A Amurka, da kaka ta ƙarato ana dakon Halloween, bikin da ake yin shigar ban tsoro a ƙarshen Oktoba, masu son littattafan zane sukan koma ga tarin gajerun labaran ban tsoro. Da muka tattauna, yawanci sun ce a fara da Tales from the Crypt na kamfanin EC, daga 1950 zuwa 1955: kowane labari shafi shida zuwa takwas, ƙarshe ya juye ba zato. Ƙa'idar tace littattafan zane ta 1954 ce ta durƙusar da shi. Wani tarin irinsa, Creepy na 1964, ya kauce mata da fitowa a matsayin mujalla, baƙi da fari, inuwar zanensa kaɗai na tayar da tsikar jiki.

Shawarar da ta fi kwanta mini a rai: labari ɗaya kowane dare, kuma kada a leƙa shafin ƙarshe.