Neman kalma kafin gobe da safe: gidan da ɗalibai masu karatu iri ɗaya ke kwana tare

Mai Shirin Asabar (Yamai): Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina cikin matsi. Gobe ƙarfe 9 na safe nake da shirin ilimi a rediyo, baƙona kuma wani ɗanmu ne da ya yi karatu a Amurka. Jiya da muke tsara hirar sai ya riƙa ambaton abin da suke kira "living-learning community". Ga yadda ya bayyana mini: jami'a ce take ware bene ɗaya a gidan kwanan ɗalibai, ta ce nan masu karatun injiniya za su zauna, can masu neman likitanci, can kuma masu son wani harshe ko kiɗa ko kare muhalli. Yawanci ƴan shekarar farko ne. Suna ɗaukar darasi ɗaya ko biyu tare, akwai babban ɗalibi da ke kwana cikinsu yana yi musu jagora, malamai kuma sukan leƙo da yamma. Ya ce ana danganta tushen abin da wani malami, Alexander Meiklejohn, wanda ya buɗe kwalejin gwaji a jami'ar Wisconsin a 1927, ɗalibai da ofisoshin malamansu a gini ɗaya, har aka rufe ta a 1932. Iyaye ne ke saurare na, wasu daga ƙauyukan Dosso da Dogonduci. Ba zan iya jefa musu Ingilishi ba. Me zan ce?

Ɗan Ader (Tawa): Wa alaikumus salam yaya. Mi ya hana ki ce site kawai? Tun daga Harobanda, inda jami'ar Yamai take, har jami'ar Djibo Hamani nan Tawa, kowa site yake cewa.

Mai Shirin Asabar: Site ai gidan kwana ne kurum, ƙanena. CROU, wato hukumar kula da ɗaliban jami'a, ta ba ka ɗaki, wanda ka tarar ciki shi ne abokin zamanka, ko lauya yake karanta ko noma. Abin da nake nema shi ne wanda aka haɗa mutane da gangan saboda karatunsu.

Ɗalibar Likitanci: Makwancin ɗalibai masu fanni ɗaya?

Malamar Hausa: A'a ɗiyata, makwanci kam a bar shi. Kunnen Bahaushe da ya ji makwanci sai ya tuna "Allah ya haskaka makwancinsa". Uwar da ɗanta ke jami'a ba za ta so jin wannan da sassafe ba. Masauki kuma na baƙo ne mai wucewa, sansani na soja ne ko ƴan gudun hijira.

Alaramman Zongo: Ku kuna ta nesa alhali abin yana ƙofar gida. Tsangaya ce. Mene ne tsangaya in ba wurin da almajirai ke kwana, su ci, su yi karatu ɗaya ba? Gardi yana cikinsu yana biya wa ƙolo, malam yana kusa. Da asuba a tashi tare, da dare a kewaye wuta da alluna tare. Duk abin da yaron nan ya faɗa miki muna da shi tun kafin a haifi kakan wannan Bature. Kuma ba mu kaɗai ba. A Azhar a da akwai ruwaƙai, wato sassan kwanan ɗalibai, kowane da mutanensa, har da ruwaƙin Barebari inda ɗaliban Borno suka riƙa sauka. A Mustansiriyya ta Bagadaza, ƙarni na 13, kowace mazhaba cikin huɗun nan da ɓangarenta.

Mai Shirin Asabar: Alaramma, Allah ya ƙara sani. Wallahi tsangaya ta kwanta mini a rai.

Bakano a Yamai: Allah gafarta Malam, ma'ana ta yi daidai, amma an riga an kama kalmar. A jami'o'in Najeriya tsangaya ita ce abin da ku nan kuke kira fakulte: Tsangayar Shari'a, Tsangayar Kimiyya. Sashe kuma shi ne departema. In ta ce tsangayar injiniya, mai saurare daga Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato zai ɗauka azuzuwa da ofishin shugaban tsangaya take nufi, ba inda 'yan makaranta ke kwana ba.

Ɗan Ader: To wa ya ba su? Sun zauna Kano sunka yanke, ba su tambaye mu ba, yanzu kuma ta haramta gare mu?

Mushe Mai Ritaya: Ku dakata. Shekara 31 na yi ina riƙe da alli, kuma wannan matsala na daɗe da warware ta. Kalmar ita ce ZAUNILMI. Zauna da ilmi. Gajera ce, gaɓa uku, tana hawa harshe. Jam'inta zaunilmai. A ce zaunilmin injiniya, zaunilmin likitanci. Muddin muna jin tsoron ƙirƙira, har abada da bakin wasu za mu ci albasa. Ɗiyata, ki faɗe ta gobe sau uku a shirinki, kafin wata ya ƙare yara sun ɗauka.

Malamar Hausa: Mushe, girmanku ne, amma Hausa ba ta yanka kalma biyu ta liƙa haka. In tana son sunan wuri, ma- take sa wa aikatau: ƙera maƙera, jema majema, rina marina, saƙa masaƙa, karanta makaranta. Daga zauna kuwa mazauni muke da shi. In kuma haɗaɗɗiyar kalma ce, kowace tana tsayawa da ƙafarta, kamar ci-rani ko faɗi-tashi. Zaunilmi ba ta bi ko ɗaya ba. Na karanta wa mahaifiyata ita yanzu, ta tambaye ni ko sunan magani ne.

Mushe Mai Ritaya: Malama, ita ma jami'a ranar da aka fara faɗinta tsofaffi ba su gane ba. Tun 1973 aka fara koyar da yara da Hausa a makarantar gwaji ta Damagaram, mun ga kalmomin lissafi da aka ce ba za su zauna ba, suka zauna. Yau kundin da aka amince da shi a 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Shin harshen ƙasa zai yi ta bara ke nan? Site Faransanci, fanni Larabci, tsangaya kuma sai mun nemi izini daga ƙetaren iyaka.

Alaramman Zongo: Mushe, ilmin da ke cikin kalmarku shi ma Larabci ne. Ba aibi ba ne, amma kada a kore fanni a bar ilmi.

Bakano a Yamai: Kuma ba maganar izini ba ce. Littattafai da jaridu da gidajen rediyon waje sun riga sun yaɗa ta haka. Daidaitacciyar Hausa guda ce.

Ɗan Ader: Guda ce in ta ku ce. Mu da munka ce "shina tahiya" sai a ce mun ɓata Hausa. Ko harafin ƴ da muke rubutawa nan Nijar, ku da ɗigon sama kuke yi, kun taɓa jin mun ce ku bari? Hausar Ader da ta Arewa da ta Gobir ba ɗiyan kishiya ba ne.

Bakano a Yamai: Ban raina Hausar kowa ba, ɗan uwa. Shekarata 6 a garin nan, 'ya'yana lakwal suke cewa, ba makaranta ba, ban taɓa hana su ba.

Mai Shirin Asabar: Don Allah ku yi haƙuri, ƙarfe 11 ta wuce, ban rubuta gabatarwa ba.

Ɗalibar Likitanci: Yaya, bari in faɗi abin da na gani, ƙila ya taimaka. A shekarata ta farko mu huɗu ne a ɗaki, ni kaɗai ke likitanci. Lokacin da nake haddar ƙasusuwan hannu su sun gama jarrabawa suna hira, sai in ɗauki tabarma da kaye in fita ƙarƙashin fitilar waje, sauro na cizo. A shekara ta biyu muka yi musanyar gado tsakaninmu har mu uku ƴan aji ɗaya muka haɗu. Muka liƙa zanen zuciya a bayan ƙofa, mai dafa shayi tana tambaya, mai wanki tana amsawa. Ba wanda ya shirya mana, kuma a shekarar ce na fi samun maki. Ƴan ɗakunan kusa "ɗakin likitoci" suke ce mana. Ba su nemi wata sabuwar kalma ba.

Malamar Hausa: Ga hanya nan. Haka garuruwanmu suke tun da: unguwar maƙera, unguwar mahauta, unguwar malamai. Masu sana'a ɗaya, zama ɗaya, yaro na koyo daga maƙwabci. Sai a ce gidan ƴan fanni ɗaya a matsayin sunan tsarin, in an zo kan misali a ce gidan ƴan injiniya, benen ƴan likitanci. A lura da "fanni ɗaya" ɗin, don ya bambanta da irin na birnin Paris da aka fara a 1925, inda gidajen ɗalibai ke ɗauke da sunayen ƙasashe, da kuma ruwaƙan da Alaramma ya ambata, waɗanda galibi asalin mutum suke bi.

Ɗan Ader: To masu kiɗa da masu muhalli fa? Wanga ba fanninsu ba ne, sha'awa ce ta haɗa su. Mu nan fada muke ce ma irin wannan.

Malamar Hausa: Fada ta shayi ce da hira a bakin titi, ba a kwana cikinta da sunan karatu. Amma gaskiyarka, fanni bai rufe wannan ɓangaren ba. Gidan masu buri ɗaya? Ita ma ba ta gamsar da ni ba.

Mushe Mai Ritaya: Kalma huɗu a inda ɗaya ta isa. Gidan, ƴan, fanni, ɗaya. Wannan bayani ne, ba suna ba. Zaunilmi ta rufe har masu kiɗan.

Mai Shirin Asabar: Baba Mushe, na gode ƙwarai, amma minti 25 gare ni, ba zan iya kashe biyar wajen fassara fassara ba. Ga abin da na rubuta: "gidan ƴan fanni ɗaya, wato kamar tsangayar allo, inda masu karatu iri ɗaya ke kwana tare su yi bita tare." Na masu sha'awa ɗaya zan bar baƙon ya kwatanta da misali. A ƙarshen shiri zan ce masu saurare su aiko da tasu kalmar, zan kuma ambaci zaunilmi cikin waɗanda aka kawo.

Alaramman Zongo: Tun da tsangaya ta shiga ko da "kamar" ce, na yarda. Allah ya ba da sa'a.

Mushe Mai Ritaya: Ban gamsu ba, amma shirinki ne. In za ki faɗe ta, ki ja "zau" ɗin, kada ki haɗiye lam. Zan kunna rediyo ƙarfe 9.